Tambaya da Amsa: An goge mini kwamfuta, ina tsofaffin wasiƙuna na imel?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ce sakatariyar wata ƙungiyar manoman shinkafa a Argungu, kuma kusan shekara shida ke nan duk wasiƙun da muke musaya da masu sayen shinkafa da masu kawo mana taki da iri, ta manhajar Outlook nake karɓarsu a kwamfutar ofis. Makon jiya kwamfutar ta ƙi tashi, na kai ta wurin mai gyara a Birnin Kebbi, ya ce sai an yi mata fomatin an sake zuba mata Windows. Kafin ya goge ta, ya kwashe mini foldar takarduna da hotuna a filashi. Da na dawo da ita na saita Outlook, sai na tarar babu komai a akwatin sai wasiƙun kwanakin nan. A cikin waɗanda suka ɓata akwai rasidai da yarjejeniyoyin da mambobinmu ke bin kuɗi da su. Ko akwai hanyar dawo da su? Daga mai karatu a Argungu.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Allah ya sa a dace. Kafin ki yi komai, ki kashe kwamfutar nan, kada ki sauke wata manhaja a kanta, kada ki adana wani sabon fayil, domin duk abin da aka rubuta a rumbunta, wato ma'ajiyar fayilolin da ke cikinta, daga yanzu yana iya hawa kan abin da muke fatan ceto. Binciken farko da zan nuna miki, a wata kwamfuta dabam za ki yi shi.

Yadda kika ce wasiƙun kwanakin nan kawai suka dawo ya ba ni haske sosai. Hanyoyi biyu ne manhaja irin Outlook ta fi bi wajen ɗauko wasiƙu daga sabar kamfanin imel, wato babbar kwamfutar da kamfanin ke ajiye wasiƙu a kanta. A hanyar IMAP, ainihin wasiƙun suna zaune a sabar, kwamfuta kwafi kawai take riƙewa, don haka ko an goge ta sau goma, da an sake shigar da adireshi da kalmar sirri wasiƙun za su dawo. A hanyar POP kuwa, kwamfuta tana sauko da wasiƙun ta tara su a fayil guda mai ƙarewa da .pst, kuma daga Outlook na 2010 zuwa sama, idan ba a canza saitin ba, ana barin kwafi a sabar na kwana 14 ne kawai sannan a share. Bisa ga dukkan alamu POP kike kai, shi ya sa abin da ya rage a sabar bai wuce na mako biyu ba. Duk da haka ki shiga akwatin naki ta burauza ki duba da idonki, musamman idan Gmail ne, saboda Gmail yana da nasa saitin da kan ajiye kwafin wasiƙa ko da an sauke ta ta POP, kuma yana da sashen da ke tara dukkan wasiƙu wanda mutane da yawa ba su taɓa buɗewa ba.

Inda na fi kyautata zato shi ne filashin da mai gyara ya ba ki. Daga Outlook na 2010, wurin da manhajar ke ajiye fayil ɗin .pst na sabon asusun POP shi ne wata folda mai suna Outlook Files, wadda ke cikin foldar Documents, wato foldar da kika ce an kwashe miki. Ki sa filashin a wata kwamfuta, ki rubuta *.pst a gurbin bincike, ki ga abin da zai fito. Wasiƙun shekara shida da takardun da aka liƙa musu ba za su zama ƙaramin fayil ba, don haka idan kika ga wani mai nauyin ɗaruruwan megabait ko 'yan gigabait, kuma kwanan watansa ya zo daidai da ranar da kwamfutar ta mutu, to shi ne. Ki yi masa kwafi biyu kafin ki taɓa shi. Daga nan sai a buɗe Outlook a shiga File, a zaɓi Open & Export, a danna Open Outlook Data File, a nuna masa kwafi ɗaya, tsofaffin foldodinki za su bayyana a gefen hagu ƙarƙashin na yanzu. Kada ki buɗe shi kai tsaye daga filashi, domin Outlook yana rubutu a cikin fayil ɗin muddin yana buɗe, kuma zare filashi ko ɗaukewar wuta a wannan lokaci na iya lalata shi.

Idan ba a same shi a filashin ba, mai yiwuwa asusun an kafa shi tun zamanin tsohon Outlook, wanda ke ajiye fayil ɗin a AppData\Local\Microsoft\Outlook, folda ce ɓoyayya da masu gyara kan manta da ita idan suna sauri. A nan sai ki koma wurin mai gyaran ki yi masa tambayoyi uku, kuma ki nace sai ya ba ki amsa dalla-dalla: shin ya goge rumbun da gaske ko ya ɗora sabon Windows a kan tsohon ne, wane irin fomatin ya yi, sannan wane irin rumbu ne a cikin kwamfutar. Idan ɗorawa ya yi bai goge ba, Windows kan tattara tsofaffin fayiloli a wata folda mai suna Windows.old, wadda kuma ba ta daɗewa, domin a Windows 10 da 11 tsarin kan share ta da kansa bayan kwana 10. Tunda makon jiya aka yi aikin, wannan ba abin jinkiri ba ne.

Batun irin fomatin kuwa, bari in kwatanta miki da sitonku na shinkafa. Fomatin na gaggawa kamar a yaga littafin da ake rubuta buhun wane yana layi kaza ne: buhunan suna nan a jibge, amma babu mai sanin na wane ne, kuma an ba da izinin a fitar da kowanne a sa sabo a gurbinsa. Cikakken fomatin kuwa, tun daga Windows Vista, yana bin rumbun gaba ɗaya yana rubuta sifili a kowane gurbi, kuma bayansa babu manhajar da za ta dawo da komai. Yawancin masu gyara na gaggawar suke yi, kuma shi ne wanda ake yi a lokacin zuba Windows. Sai dai idan rumbun irin na SSD ne, wato na zamani wanda ba shi da faifai mai juyawa, akwai wani umarni da ake kira TRIM da ke sa shi ya share guraben da aka ce babu kowa a ciki, don haka fatan ceto a kansa kaɗan ne ƙwarai. A kan tsohon rumbu mai juyawa ne ake da kyakkyawan fata.

Yadda ake aikin shi ne a cire rumbun, a sa shi a cikin gidansa na USB, a haɗa da wata kwamfuta, sannan a bincike shi da manhaja irin Recuva ko PhotoRec, waɗanda ake samu kyauta, ko Windows File Recovery da Microsoft ya fitar a 2020. Duk abin da aka tono, a wani rumbu dabam za a ajiye shi. Zan faɗa miki gaskiya: fayil ɗin .pst yana girma ne a hankali tsawon shekaru, sassansa kan warwatsu a wurare daban-daban, kuma sabon Windows ya riga ya hau kan wasunsu, saboda haka sau da yawa yakan fito da rauni. Idan Outlook ya ƙi buɗe shi, akwai ƙaramar manhajar gyara mai suna scanpst.exe da ke zuwa tare da Office, wadda kan ceto abin da ya rage, wani lokaci sai an maimaita ta sau biyu ko uku. A halin da ake ciki, ki rubuta wa manyan abokan hulɗarku ki roƙe su su sake turo miki rasidai da yarjejeniyoyin, domin wasiƙar da ta zo miki galibi tana da kwafi a akwatin wanda ya aiko ta.

Tambaya: Malam, ni kafin a goge kwamfutata na kwashe fayil ɗin Outlook, amma nawa yana ƙarewa da .ost ne, kuma sabon Outlook ya ƙi karɓarsa. Daga mai karatu a Gusau.

Amsa: Malam, ka kwantar da hankalinka. Fayil ɗin .ost kwafi ne na abin da ke sabar, wanda Outlook ke amfani da shi a asusun Exchange, wato tsarin imel na Microsoft, da kuma na IMAP tun daga Outlook na 2013, kuma a ɗaure yake da saitin da ya ƙirƙire shi, shi ya sa ba a shigo da shi kamar .pst. Ka sake kafa asusunka da adireshi da kalmar sirri, ka bar kwamfutar a kan intanet mai ƙarfi, wasiƙun za su sauko da kansu. Abin da ba zai dawo ta wannan hanya ba, idan asusun IMAP ne, shi ne lambobin mutane da kalandar da ke cikin foldodin da aka yi wa alamar This computer only, domin a cikin wannan fayil kaɗai suke. Don haka kada ka share shi. Ka fara duba ko lambobin suna wayarka, idan kuma babu su a can, sai a nemi manhajar da ke juya .ost zuwa .pst, a gwada ta a kan kwafin fayil ɗin, a bar ainihinsa a filashi.