Switch ɗinka ba ta lalace ba, caja ce matsalar

Ɗan'uwa, ka ce tunda ka ƙara wa Switch ɗinka (na'urar gem ta Nintendo) gudu da manhajar sys-clk take daskarewa ko ta mutu ana tsakiyar gem, kuma cajar waya kake jona mata. To wallahi daga nan matsalar take. Tegra X1 ɗin da ke ciki, wato ƙwaƙwalwar na'urar, a 1020 MHz Nintendo suka saita gudun CPU ɗinsa, kai ka kai shi 1785, dole ya ja wuta fiye da da, cajar waya ta 5V ba za ta iya ba sai batir ya riƙa cike gurbin, shi ya sa za ka ga tana jone amma caji na raguwa, in batirin ya tsufa kuma ƙarfin wutar ya faɗi lokaci ɗaya sai allo ya yi baƙi.

Nemi cajarta ta asali mai 15V 2.6A, da ita ma sys-clk ke barin GPU, ɓangaren da ke zana hoto, ya kai 921 MHz. Ni tawa sai da na canza har wayar cajin kafin ta daidaita. Ka fara sa CPU a 1224 MHz tukuna, ka riƙa taɓa bayanta, in ta yi zafi sosai fanka na kuka ka sauko.