Amsar tambayarka a kan makaɗa da saƙon rigakafi

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma tambayarka ta sa ni murmushi kafin ta sa ni tunani. Kana tambaya ko al'ada ta yarda ku ɗauko makaɗa da 'yan tashe su isar da saƙon rigakafin yara a ƙauyukan da aka tura ku aiki. Abin da ya dame ni shi ne da ka ce kun riga kun rubuta musu abin da za su faɗa.

Gab da canjin kuɗi na 1973, lokacin da za a bar fam da sule a koma naira da kobo, ma'aikata sun zo garinmu da mota mai lasifika, suka yi bayani har rana ta take, amma tsofaffi suka watse ba su fahimci komai ba. Da aka gama girbi aka zo kalankuwa, sai samari suka shirya wasa a dandali. Wani ya ɗaura zane ya zama tsohuwa mai daddawa, wani ya cusa tsumma a riga ya zama attajiri mai tumbi, ya miƙa mata kobo biyar a madadin sule guda. Ta riƙe masa riga tana kururuwa har gaban alƙalin wasa, shi kuwa ya sa jama'a suka ƙirga tsakuwa da ƙarfi: sule ɗaya kobo goma, fam ɗaya naira biyu. Mai kalangu ya ɗauki lissafin, 'yan mata suka mai da shi amshi, kafin mako ya zagayo mata suna rera shi a bakin turmi. Babu wanda ya rubuta wa samarin nan ko harafi ɗaya.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yakan ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ku kuwa yaran yanzu sai ku kwaso 'yan wasa daga birni, ku sa musu riguna masu tambari, ku raba kuɗin zama, sannan ku yi mamakin yadda mutane suka manta da saƙon tun motarku ba ta bar gari ba. Tashe ma yana da lokacinsa, sai azumi ya kwana goma, kuma ba a fitar da shi don baƙi sun zo.

Ka fara gaida mai gari da liman, ka zauna da ungozoma ka ji abin da iyaye mata suke tsoro game da allurar. Sauran maganar sai ka zo hutun salla mu yi ta a zaure.