Tambaya da Amsa: Me Ya Hana PHP Aiki a Sabar Gida?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da wata tsohuwar kwamfuta da na ɗora wa Ubuntu da Apache don in koyi gina shafin intanet. Shafin HTML yana buɗewa lafiya lau, amma da na rubuta index.php sai burauza ta zubo mini rubutun yadda na rubuta shi, wani lokacin ma ta sauke fayil ɗin gaba ɗaya. Ina matsalar take? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kwantar da hankalinka, kwamfutarka lafiyarta ƙalau. Burauza ba ta jin yaren PHP ko kaɗan. Sabar ce ke karanta shi, ta aiwatar, sannan ta miƙo wa burauza HTML. Shi kuwa Apache, wato manhajar da ke mayar da kwamfutarka sabar, ba ya iya wannan aiki sai an haɗa shi da PHP. Idan ba a haɗa su ba, fayil ɗin zai miƙo maka ɗanye.

Kafin ka taɓa komai, dubi adireshin da ke saman burauzar. Idan ya fara da file:/// to danna fayil ɗin ka yi sau biyu, ba ka bi ta sabar ba sam. Wannan na fi gani wajen ɗalibaina. Akwai wata yarinya da ta sake ɗora Ubuntu har sau biyu, idanunta duk sun yi ja, alhali rubuta http://localhost, wato adireshin sabar da ke kan kwamfutarta, kawai ya rage mata. Na ji zafin kwanakin da ta ɓata sosai.

In adireshin daidai yake, buɗe Terminal ka rubuta sudo apt install php libapache2-mod-php, bayan ya gama sai sudo systemctl restart apache2. Daga nan ƙirƙiri fayil mai suna info.php a cikin /var/www/html, ka sa wannan layi kaɗai: <?php phpinfo(); ?>. Buɗe http://localhost/info.php. Idan ka ga dogon jadawali mai launin shunayya da lambar sigar PHP a samansa, Alhamdulillah, an gama. In burauzar ta ci gaba da sauke fayil, goge ajiyarta ta wucin gadi, wato cache, don takan riƙe tsohuwar amsa.

Ina roƙonka, goge info.php nan take, domin yana tona asirin sabarka ga duk wanda ya buɗe shi. Kada kuma ka bi shawarar masu cewa a sa wa folda chmod 777, wato umarnin da ke ba kowa izinin karantawa da canza abin da ke cikinta. Buɗe ƙofar gida ne ga kowa.

Nan gaba in ka ga farin shafi fayau babu komai, je ka duba /var/log/apache2/error.log. A can za ka tarar da sunan fayil da lambar layin da ka yi kuskure, galibi alamar ; ce ka manta.