Fim ɗin Reagan da aka manta da shi

Tambaya: Malam, na sha jin cewa Ronald Reagan ɗan fim ne kafin ya zama shugaban Amurka a 1981. Cikin finafinansa, wanne za ka ce in nema? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Malama, nemi Storm Warning na kamfanin Warner Bros., wanda Stuart Heisler ya ba da umarni, ya fito a 1951. Baƙi da fari ne, kuma ba kasafai ake ambatonsa ba.

Reagan ya fito a matsayin mai gabatar da ƙara, Burt Rainey, amma ni ba don shi nake komawa fim ɗin ba. Ginger Rogers ce ta riƙe labarin. Ita ce Marsha, baƙuwa da ta sauka da daddare a wani ƙaramin gari don ganin ƙanwarta Lucy, wato Doris Day. Tana tafe sai ta ga 'yan Ku Klux Klan, ƙungiyar fararen fata masu wariyar launin fata, cikin fararen riguna sun fito da wani ɗan jarida daga gidan yari sun harbe shi. Biyu sun yaye rufin fuskarsu. Da ta isa gidan ƙanwarta, ashe mijin Lucy na cikinsu. Ga Lucy da juna biyu.

Nan fim ɗin ya kama ni. A zaman binciken kisan, Marsha ta ce ba ta gane kowa ba, don gudun tarwatsa auren ƙanwarta. Gari ya yi ta murna, kowa ya san gaskiya, kowa ya ja bakinsa ya yi gum. Daga baya ta yanke shawarar ba da shaida, 'yan ƙungiyar suka kai ta wurin taronsu suka zane ta da bulala.

Amma kada in ɓoye miki aibinsa. Wanda aka kashe Bature ne, kuma an nuna Klan kamar gungun 'yan damfara masu tatsar kuɗin mabiya. Baƙar fatan Amurka, waɗanda su ne ƙungiyar ta fi gallaza wa, kusan ba su da murya a ciki. Wannan ya ba ni haushi ƙwarai.

Ki shirya hankici kafin ki kai ƙarshe, Lucy ba ta tsira ba.