Garin fektin: wace lamba zan ba Kwastam?

Tambaya: Malam, ina dafa jam ɗin sitiroberi a Jos, daga Chaha nake sayo 'ya'yan. Jam ɗin ba ya kauri sai na sa fektin, ga shi kuma ya yi tsada a hannun 'yan kasuwa, shi ya sa nake son shigo da nawa. Ejan ɗina ya ce mu rubuta shi a lambar jelatin, wai aikinsu ɗaya. Haka ne?
Wata mai karatu, Jos

Amsa: Hajiya, kada ki yarda. Gaskiya ne dukansu suna kaurara abu, amma a nan Kwastam asalin kaya suke dubawa. Jelatin daga fata da ƙashin dabba ake samo shi, gurbinsa 35.03. Fektin kuwa daga ɓawon lemo ne da tukar tuffa bayan an matse ruwanta, don haka yana babi na 13 na jadawalin Kwastam, inda ƙaronmu yake. Lambar fektin 1302.20. Waɗannan lambobi shida ɗaya ne a duk ƙasar da ke bin tsarin HS, wato tsarin lambobin kaya na Hukumar Kwastam ta Duniya. Jadawalin ECOWAS da muke aiki da shi ne ya cika su zuwa goma.

Inda mutane suka fi tuntuɓe shi ne sukari. Kamfanoni kan gauraya fektin da ɗan sukari don ƙarfinsa ya zo daidai a kowane buhu, wannan bai fitar da shi daga 1302.20 ba. Amma in an haɗe shi da sukari mai yawa, da tsami, da ƙamshi ko kala, har ya zama zuba ruwa kawai ya rage, to ya zama haɗin abinci, sai ya koma 21.06, kuɗin fito kuma na iya sauyawa. Na taɓa tsayawa a kan kayan wani bawan Allah a tasha: jikin kwali an rubuta fektin da manyan baƙaƙe, da aka farke leda sai ga gari ja mai ƙamshin alawa. Kuɗin ajiya ya cinye ribarsa kafin a gyara takardu, har yau abin yana min ciwo.

Saboda haka kafin ki buɗe Form M, wato takardar shigo da kaya da ake buɗewa ta banki, ki sa mai sayar miki ya turo takardar da ta jera abin da ke cikin garin, kashi-kashi, ki nemi izinin NAFDAC tunda kayan abinci ne. In buhun ya iso, ki duba jikinsa, ya kamata ki ga E440, lambar da ake sa wa fektin a jikin kayan abinci.