Tambayoyinku kan fasaha: A jira sabuwar na'urar wasa ko a sayi wadda ke kasuwa?

A 'yan makonnin nan yawancin saƙonnin da ke iso mini daga Kumasi sun karkata ne ga wasannin bidiyo da ake dakon fitowarsu da kuma sababbin na'urorin buga su, kuma kusan kowa abu ɗaya yake son sani, wato ko ya saki kuɗinsa yanzu ko ya ƙara haƙuri. Na zaɓi tambayoyi uku, kuma zan fi daɗewa a kan ta farko saboda ta shafi hanyar cin abincin mutum.

Tambaya daga wani mai gidan gem a Aboabo: Malam, ina da PlayStation 4 guda huɗu da nake neman abinci da su. Yara sun fara tambayata PS5, wato PlayStation 5, wasu kuma suna cewa in dakata domin PS6 tana hanya. Shin in sayar da su in sayi PS5, ko in jira?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya sanya albarka a sana'a. Shawarata ita ce kada ka jira PS6, kuma kada ka sayar da na'urorinka gaba ɗaya. Masu cewa tana hanya lissafi suke yi da tarihin kamfanin Sony, domin PS3 ta fito a 2006, PS4 a 2013, PS5 kuma a Nuwamban 2020, wato tazarar shekara bakwai bakwai ke nan. Lissafin yana da ma'ana, amma ba alkawari ba ne, kuma ranar da za ka iya gina kasuwancinka a kanta ita ce wadda kamfanin ya sanar da bakinsa. Ko da ta fito ma, ka tuna yadda aka yi da PS5: an sa mata farashin dala 499, amma kusan shekara biyu aka yi ana wahalar samunta har a Amurka da Turai, 'yan baranda suna ninka kuɗinta. Mu da kayan ke iso mana ta hannun 'yan kasuwa, bayan an ɗora kuɗin jirgi da na kwastan da faɗuwar darajar sidi, mu ne muke shan tsadar fiye da kowa a shekarar farko.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne ka dubi abin da yaran ke biyan kuɗi su buga. Na sha zama a irin gidajen nan da yamma bayan an taso daga makaranta, benci cike da samari, ana jiran wanda aka ci ya miƙa fad, wato abin da ake riƙewa a hannu a sarrafa wasan, kuma kusan duk allon da ka duba ƙwallon ƙafa ce a kai. Wasan ƙwallon da kamfanin EA ke fitarwa kowace shekara wajen ƙarshen Satumba, wanda ya bar sunan FIFA ya koma EA Sports FC a 2023, bai saba yin saurin juya wa tsofaffin na'urori baya ba. PS3 ta ci gaba da samunsa har 2018, shekara biyar bayan fitowar PS4, kuma FC 26 da ya fito a Satumban 2025 ya zo wa PS4. Saboda haka na'urorinka suna da sauran amfani. Ka sayar da ɗaya ko biyu waɗanda suka fi jigata, ka cika kuɗi ka sayi PS5 guda ɗaya, ka ware mata talabijin mai kyau da farashi na daban, sannan ka ga yadda ciniki zai kasance kafin ka ƙara ta biyu.

Kada kuma ka zauna jiran farashin PS5 ya karye kamar yadda aka saba gani a da. Wannan karon abin ya juya, domin a Agustan 2025 Sony ƙara dala 50 ya yi a Amurka maimakon ragi.

Idan ka tashi saye, ka nemi mai cin faifai. Manyan wasanni sukan kai gigabait 50 zuwa 100, wasu ma sun wuce haka, kuma wanda ke sayen data da kuɗin ciniki ya san abin da wannan ke nufi. Faifai ba ya raba ka da intanet kwata-kwata, tunda wasanni suna neman sabuntawa, amma yana rage nauyin sosai, kuma za ka iya sayar da shi ko ka yi musaya idan na sabuwar shekara ya fito. Faifan PS4 ɗinka kusan duka za su yi aiki a PS5, sai dai tsofaffin fad ɗinka ba za su buga wasannin da aka yi wa PS5 ba, don haka ka sa kuɗin fad na biyu a cikin lissafi tun daga farko. Akwai kuma maganar asusu: Ghana ba ta cikin jerin ƙasashen da ake zaɓa wajen buɗe asusun PlayStation, shi ya sa mutanenmu ke zaɓar Amurka ko Ingila, kuma ƙasar da ka zaɓa ba ta canzuwa daga baya. Katin kuɗin da za ka saya dole ya zama na ƙasar asusunka, in ba haka ba ba zai shiga ba. Ka buɗe asusun da hannunka, kada ka yarda mai shago ya sayar maka da na'ura cike da wasanni a kan asusunsa, domin ranar da ya canza kalmar sirri ko aka rufe asusun, wasannin sun tafi.

Sai wuta da ƙura, waɗanda su ne suka fi kashe na'urori a garin nan. PS5 tana karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240, don haka ko daga Amurka aka kawo ta ba ta buƙatar taransifoma, sai dai a canza mata waya mai kai uku irin tamu. Abin tsoron shi ne ɗaukewar wuta tana tsakiyar ajiye bayani, da kuma ƙarfin da wutar ke dawowa da shi. PS5 tana jan wajen wat 200 lokacin wasa, saboda haka ƙaramar UPS, wato na'urar batir mai ajiye wuta, da za ta riƙe ta tare da talabijin na 'yan mintuna ta isa a kashe ta cikin natsuwa. A hunturun da ya wuce an kawo mini wata PS4 tana ƙara kamar injin niƙa, da na buɗe sai na tarar ƙura ta dunƙule a bakin fanka kamar auduga, ga kyankyasai sun yi gida a ɓangaren wuta saboda ɗumin wurin. Ka ɗaga na'urarka daga ƙasa, ka bar mata sarari ta baya, ka riƙa share ramukan iska kowane mako.

Tambaya daga wani ɗalibi a Asawase: Yaya, yaushe wasan GTA VI zai fito, kuma zai yi a waya? Na ga wani yana tallan cewa a tura masa kuɗi ta MoMo ya ba da shi tun yanzu.

Amsa: Ƙanena, kada ka tura masa ko sisi. Kamfanin Rockstar ya nuna tallan wasan na farko a Disamban 2023, ya ce zai fito a 2025, daga baya ya ɗaga zuwa 26 ga Mayun 2026, sannan ya sake ɗagawa zuwa 19 ga Nuwamban 2026, kuma na'urorin PS5 da Xbox Series X da S ya ambata. Ko kwamfuta ma takan jira: GTA V ya fito a Satumban 2013, amma sai a Afrilun 2015 ya iso kwamfuta, kuma kamfanin bai taɓa fitar da shi a Android ba. Duk manhajar da aka ba ka da sunan GTA VI na waya ta bogi ce. Na duba irinta a wayar wani yaro, abin da ta fara nema shi ne izinin karanta saƙonnin tes, wato inda lambobin tabbatar da asusun kuɗi ke shigowa. Idan ka riga ka sauke, ka goge ta yanzu, ka canza lambar sirrin MoMo ɗinka. Ina kuma tuna maka cewa wasannin GTA na manya ne, ana sa musu alamar shekara 18 saboda zubar da jini da batsa da ke cikinsu.

Tambaya daga wata uwa a Sabon Zongo: Ɗana mai shekara 10 ya matsa wa kawunsa da ke Turai ya aiko masa da Nintendo Switch 2. Ta dace da shi, ko tsohuwar ta wadatar?

Amsa: Hajiya, kin kyauta da kika tambaya kafin a saya. Switch 2 ta fito ranar 5 ga Yunin 2025 a kan dala 449.99, tana da allo mai inci 7.9 da batir, don haka ɗaukewar wuta ba ta katse ta nan take, kuma tana buga yawancin wasannin tsohuwar da ta fito a 2017. Ga yaro mai shekara 10 ni tsohuwar zan zaɓa, saboda ta fi araha, wasanninta na yara suna da yawa, kuma ana samun na hannu. Idan kawun ya riga ya ƙuduri sabuwar, ki gaya masa ya duba kwalin kowane wasa, domin wasu katunan Switch 2 mabuɗi ne kawai, babu wasan a cikinsu, sai an sauke shi gaba ɗaya ta intanet, kuma ana rubuta hakan a gaban kwali. Ya kuma duba lambar shekaru, 3 ko 7 su ne daidai da ɗanki. Nintendo yana da manhajar iyaye ta kyauta da za ki sa a wayarki, ki ƙayyade masa lokacin wasa a kowace rana, ki sa na'urar ta tsaya idan lokacin ya cika, don kada ta ci lokacin makarantar allo da na aikin gida.