Ruwan da ake yi wa mutum kafin hoton CT: guba ne?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Mahaifina ɗan shekara 64 ne, yana da ciwon suga, yana shan metformin. An rubuta masa hoton CT na ciki, an ce sai an yi masa allurar wani ruwa ta jijiya. Mun ji ana cewa ruwan yana lalata ƙoda, hasken na'urar kuma yana zama a jiki ya haddasa ciwon daji. Mu bari a yi masa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba Baba lafiya. Tsoro biyu ka haɗa a wuri ɗaya, gara mu raba su. Ruwan daban, hasken daban, wato hasken X-ray da na'urar CT ke ɗaukar hoton cikin jiki da shi. Ruwan ba shi da haske a cikinsa ko kaɗan. Sinadarin aidin ne a ciki, wanda yake tare hasken na'urar, sai jijiyoyin jini da hanta da ƙoda su fito fari tas a hoto. Ba don shi ba, wani ƙari ko miki zai iya sajewa da naman da ke kewaye da shi, likita ya duba bai gani ba.

Shi hasken kuwa ratsa jiki yake ya wuce. Da an kashe na'ura, shi ke nan, babu abin da ya rage a jikin Baba, jikokinsa ma za su iya hawa cinyarsa a ranar. Ana auna shi da ma'aunin milisibat. Kowane ɗan Adam yana samun kimanin 2.4 a shekara daga ƙasa da iska da sararin sama, ko bai taɓa taka asibiti ba. Hoton X-ray na ƙirji da aka saba yi bai wuce 0.1 ba. CT na ciki ya kai 8 zuwa 10, wato kamar na shekara uku ko huɗu a lokaci guda. Ba zan ce maka wannan ba komai ba ne, domin yawan maimaita shi yana ɗan ƙara haɗarin ciwon daji, musamman ga yara, waɗanda jikinsu ke girma kuma shekaru masu yawa ke gabansu. Amma ga dattijo mai shekara 64 da ake neman sanadin ciwon cikinsa, haɗarin barin cutar a ɓoye ya fi wannan nesa ba kusa ba.

Maganar ƙoda ita ce ta fi shafar Baba, kuma a nan nake so ka tsaya da kyau. Ƙoda ce ke tace ruwan ta fitar da shi cikin fitsari, mafi yawansa cikin awa 24. Mai lafiyayyar ƙoda da wuya ya samu matsala. Sai dai suga idan ya daɗe yakan ci ƙoda a hankali ba tare da mutum ya ji komai ba. Don haka kada a yi allurar sai an gwada jininsa an ga ƙarfin ƙodarsa, lambar da ake kira eGFR. Idan ta yi ƙasa da 30, a nan ne ake sake shawara: ko a ƙara masa ruwa ta jijiya tukuna, ko a ɗauki hoton ba da allurar ba, ko a nemi wata hanyar. Metformin ma ƙoda ce ke fitar da shi. Idan ƙodar ta yi rauni, akan dakatar da shi awa 48 bayan allurar, a sake gwaji kafin a ci gaba. Likitansa ne zai yanke wannan, kada ku dakatar da kanku.

Ka shirya shi tun daga gida: yayin da ruwan ke shiga zai ji zafi ya bi jikinsa, bakinsa ya yi ɗanɗanon ƙarfe, har ya ɗauka fitsari ya kuɓuce masa. Bai kuɓuce ba, kuma cikin minti ɗaya ko biyu zai wuce. Dattawa da yawa kunya ce ke kama su a nan don ba wanda ya gaya musu tun farko, abin yana damuna.

Wasu kaɗan kan yi ƙaiƙayi ko borin jini. Mai tsanani, irin na kumburin fuska da toshewar numfashi, kimanin mutum 4 ne cikin 10,000, kuma yawanci cikin mintunan farko yake zuwa, shi ya sa ake barin allurar a hannu a ɗan zaunar da mutum kafin ya tafi. Ku gaya wa ma'aikatan idan ya taɓa yin irin wannan allurar ta ba shi matsala, ko yana da asma, ko ciwon maƙoƙo irin wanda ke aiki fiye da kima. Ku tafi da duk magungunansa da tsofaffin hotunansa, don wani lokaci tsohon hoto yakan sa a fasa sabon. Bayan an gama ya sha ruwa sosai, sai fa in likita ya taƙaita masa ruwa. Idan fitsarinsa ya ragu ko ƙafafunsa suka kumbura cikin kwana biyu zuwa uku, ku koma asibiti a ranar.